Shin Severus Snape ya cancanci a so shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama karanta littattafan Harry Potter guda bakwai, kuma tun da na rufe na ƙarshe Severus Snape ya tsaya mini a rai. Ina ganin an zalunce shi da mummunan zato, kuma son da ya yi wa Lily, mahaifiyar Harry, bai taɓa furtawa ba ya sa ni hawaye. Amma ƙawata ta ce mugun malami ne mai cin zalin yara, wai abin da yake ji game da Lily naci ne da ƙulafuci, ba so ba. Kai da kake koyar da adabi, wa ya fi gaskiya a cikinmu? Kuma me ya hana shi ya faɗa mata?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ina tare da ke, Snape ya cancanci a jinjina masa. Sai dai kada ki yi saurin watsar da maganar ƙawarki, domin abin da ta faɗa a kan yara yana cikin littafin ɓaro-ɓaro. Inda nake rabuwa da yawancin masoyansa shi ne dalili. Su suna cewa ya burge su ne saboda ya so mace ɗaya har ya koma ga ƙasa. A wurina wannan ce hujja mafi rauni. Riƙe mutum a zuciya shekara da shekaru ba ya mayar da kowa nagari, mai ƙullaci ma yana riƙewa, kuma Snape ya riƙe ƙiyayyar James Potter, mahaifin Harry, kusan tsawon da ya riƙe son Lily. Abin da ya ɗaga shi a idona shi ne aikin da ya sa son nan ya yi bayan ya tabbata babu abin da zai dawo masa da shi, ko kallo, ko godiya, ko yafiya.

Mummunar fahimtar da muka yi masa da gangan aka shirya ta. Tun littafin farko da ya fito a 1997, J.K. Rowling ta kulle mu a cikin idon Harry. In ban da 'yan babuka, abin da yaron ya gani shi muke gani, wanda ya tsana shi muke tsana. Yaro ɗan shekara 11 ya shiga aji ranar farko, malami mai baƙar riga da gashi mai maiƙo ya tsare shi da tambayoyin da bai san amsarsu ba a gaban kowa, me kike so ya ɗauka? Sai ga wasan farko da Harry ya buga a sama a kan tsintsiya. Tsintsiyar ta fara fizge-fizge tana neman yar da shi, ƙawarsa Hermione ta hango Snape ya kafe shi da ido bakinsa yana motsi, ta lallaɓa ta bayan kujeru ta cinna wa rigarsa wuta. Sai a ƙarshen littafin muka ji daga bakin wani malami, Quirrell, wanda shi ne mai laifin, cewa warware sihirin Snape yake yi. Yana ceton ran yaro ana ƙona masa riga. Marubuciyar ta nuna mana dabararta tun a nan, amma ta ci gaba da yi mana ita muna faɗawa, har littafi na shida a 2005, inda Snape ya kashe Dumbledore, shugaban makarantar, a saman hasumiya Harry yana kallo. Shekara biyu masu karatu suka yi suna musu a kansa kafin na bakwai ya fito a watan Yulin 2007.

Amma akwai abubuwan da ba mummunar fahimta ba ne, kuma babi na 33 na littafi na bakwai, inda aka buɗe sirrinsa, bai goge ko ɗaya ba. A littafi na uku ya tsaya a kan Neville, yaro ɗan shekara 13 mai rawar jiki, ya ce a ƙarshen darasi zai ɗura wa kwaɗonsa maganin da yaron ya haɗa, in ya lalata haɗin dabbar ta sha guba. Da Hermione ta taimaka masa a ɓoye maganin ya yi daidai, sai ya zabge wa gidansu na makaranta maki biyar. A littafin nan dai, da aka kawo dodon da ke ɗaukar siffar abin da mutum ya fi tsoro, a gaban Neville siffar Snape ya ɗauka, alhali yaron nan mabiyan Voldemort, babban mugun labarin, sun azabtar da iyayensa har suka zauce. A littafi na huɗu sihiri ya sami Hermione haƙoranta suka yi ta tsawo har suka wuce haɓarta, ya dube ta ya ce shi bai ga wani bambanci ba, ta fita tana kuka. Shi ne kuma ya saki maganar lalurar malam Lupin, ta rikiɗa ya zama kerkeci, har mutumin ya bar aikinsa. Wasu suna cewa duk ɓad-da-kama ne don kada mabiyan Voldemort su gane shi. Ban yarda ba. Ɗan leƙen asiri yana iya nuna fifiko ga 'ya'yan abokan tafiyarsa ba tare da ya wulaƙanta yarinya da haƙoranta ba. Wannan halinsa ne.

Ki kuma lura, da yawa cikin masu kare shi Snape na fim suke karewa. Alan Rickman, wanda ya rasu a Janairun 2016, yana da shekara 55 sa'ad da fim na farko ya fito a 2001, shi kuwa Snape na littafin yana da 31 a lokacin. Rickman ya ba shi natsuwa da kwarjinin dattijo, na littafin kuwa mutum ne mai saurin hasala, yana tsawa har yawu na fita. Wurin da ya tare yara da jikinsa daga kerkeci a fim na uku babu shi a littafi, a can a sume yake. Wurin da ya rungumi gawar Lily yana kuka ma ƙarin masu fim ne. Ni wanda nake magana a kai shi ne na takarda, mai kaushin, kuma shi ya fi burge ni.

Tambayarki ta biyu sai an koma yarinta. An haife shi a Janairun 1960, wata ɗaya da Lily. Uwarsa Eileen Prince mai sihiri ce, ubansa Tobias ba ya da shi, suna zaune a Spinner's End, wani layin talakawa kusa da tsohuwar masaƙa da ƙazamin kogi. A littafi na biyar Harry ya ɗan leƙa tunaninsa, ya ga namiji yana daka wa mace tsawa tana maƙurewa, ƙaramin yaro yana kuka a lungu. Wannan yaron ne, yana da shekara tara ko goma, yake laɓe a bayan shuke-shuke a filin wasa yana kallon 'yan mata biyu a kan lilo. Wandonsa ya ɗage masa, kwat ɗin da ke jikinsa ta babban mutum ce, rigar ciki kuma kamar ta mace. Ƙaramar ta saki lilon tana can sama, ta sauko a hankali kamar ba ta da nauyi, sannan ta ɗauki fure a tafin hannunta yana buɗewa yana rufewa. Ya daɗe yana shirya abin da zai ce mata. Ya yi wuf ya fito ya gaya mata ita mai sihiri ce, ita kuwa ta ɗauka zagi ne, ta ɗaga hanci ta bi yayarta Petunia suka tafi. Karo na farko ke nan da ya buɗe baki a gabanta, kuma abin ya ɓaci.

Daga baya sun zama aminai. Suna zaune a inuwar bishiyoyi ta tambaye shi ko akwai bambanci idan iyayen mutum ba masu sihiri ba ne. Ya yi jim kafin ya ce babu. Wannan ɗan jim ɗin, a ganina, shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Ya riga ya sha a gida cewa akwai bambanci, ya yarda da hakan, ita kaɗai ya cire daga lissafin saboda yana sonta.

Sun shiga makarantar Hogwarts a 1971, ita aka kai ta gidan Gryffindor tare da James Potter da Sirius Black waɗanda tun a jirgin ƙasa suka laƙaba masa sunan tsiya, shi kuma Slytherin. A duk littattafan babu inda aka nuna ya ce mata yana sonta. Iyakar abin da bakinsa ya iya shi ne ya tambaye ta ko ba su ne manyan aminan juna ba. Ta ce su ne, amma ba ta son abokan da yake yawo da su, Avery da Mulciber, ta kawo masa muguntar da ɗayansu ya nemi yi wa wata ɗaliba. Ki sake karanta wurin ki ga abin da ya shiga kunnensa. Tana cewa James mai girman kai ne sai jikinsa ya saki, tafiyarsa ta canza, sauran maganar duk ta bi iska. Yana sonta, amma ba ya sauraronta. Ga talauci, ga muni da aka yi ta jaddada masa, ga abokin hamayya mai kuɗi da farin jini. Bai ga abin da zai miƙa mata ba, sai ya tafi neman ƙarfi a wurin masu ƙarfi. Rowling da kanta ta faɗa a 2007 cewa zatonsa in ya zama cikakken mabiyin Voldemort zai burge ta. Wato ya je neman abin da zai ba ta a hannun mutanen da ke farautar irinta.

Sai ranar bakin tafki, suna aji biyar, bayan sun fito daga jarrabawa. James ya ƙwace masa sanda, ya cika masa baki da kumfar sabulu, ya rataye shi a iska kai a ƙasa, riga ta zazzago aka ga siraran ƙafafu da koɗaɗɗen kamfai, ɗalibai suna ta dariya. Sihirin da aka rataye shi da shi ma, daga baya muka gane, shi ya ƙirƙiro shi. Lily ce kaɗai ta tsaya masa. Cikin zafin kunya ya ce ba ya bukatar taimakon mai ƙazamin jini irinta, kalmar zagi ga wanda iyayensa ba masu sihiri ba ne. Magana zarar bunu. Marubuciyar ta ba babi na 28 na littafi na biyar sunan mafi munin abin da Snape ke tunawa, kuma a 2003 duk mun ɗauka wulaƙancin ake nufi. Sai bayan shekara huɗu muka gane kalmar ce. A daren ya je ƙofar gidan Gryffindor ya ce a nan zai kwana in ba ta fito ba. Ta fito, ya ba ta haƙuri, ta ce ai haka yake kiran duk wanda aka haifa kamarta, don me ita za ta zama daban? Ta tambaye shi ko ba shirin bin Voldemort yake yi ba, ya buɗe baki ya rufe. Wannan shirun shi ya raba su, kuma Lily ba ta yi kuskure ba ko kaɗan. Ina jin zafi idan na ji ana cewa ta yi masa butulci. Shekara biyar tana kare shi a gaban ƙawayenta, babu bashin da yake bin ta.

Hujjar ƙawarki mafi ƙarfi tana nan gaba. Ya shiga cikin mabiyan Voldemort da ƙafarsa. Shi ne ya laɓe a ƙofa ya ji rabin maganar da ta fito daga bakin malamar duba, Trelawney, cewa za a haifi yaro a ƙarshen watan bakwai wanda zai iya kayar da ubangidansa, kuma shi ya kai rahoton. Ya san wani jariri za a kashe, bai dame shi ba, sai da ya ji ɗan Lily aka zaɓa. Ya roƙi Voldemort ya bar uwar. Sannan ya je ya sami Dumbledore a kan wani tudu cikin dare ana iska, ya zube a gwiwa. Dumbledore ya gane cewa a kashe miji da ɗa bai dame shi ba in dai za a bar masa matar, ya gaya masa a fuska cewa ya ba shi ƙyama. A wannan daren, abin da ke zuciyarsa ƙulafuci ne, sunan da ƙawarki ta ba shi daidai ne. Sai da aka kunyata shi ya ce to a ɓoye su duka. Da aka tambaye shi me zai bayar, ya ce kome.

Duk da haka ki duba abin da roƙon nan mai son kai ya haifar. Daren 31 ga Oktoban 1981 Voldemort ya kashe James nan take, amma da ya zo kan Lily sai ya yi ta ce mata ta matsa gefe. Mutumin da ba ya ba kowa zaɓi ya ba ta zaɓi, kuma a karatuna babu dalilin hakan sai roƙon Snape. Saboda tana da damar tsira ta ƙi, mutuwarta ta zama fansa, ita ce kariyar da ta mayar wa Voldemort da sihirinsa. Mutum ɗaya ne ya jawo kisan, kuma roƙonsa ne ya buɗe ƙofar da yaron ya tsira ta cikinta. Shi bai sami ko ɗaya daga abin da ya roƙa ba.

Daga nan ne labarin da nake so ya fara. Yana da shekara 21, ya ce da ma shi ne ya mutu. Dumbledore ya ce mutuwarsa ba za ta amfani kowa ba, in da gaske yana sonta ya taimaka a kare ɗanta, yaron da ya ɗauko idanunta sak. Ya yarda, da sharaɗi guda: kada a taɓa gaya wa kowa, musamman ɗan James. Kin ga shirun na biyu shi ya zaɓe shi da kansa, kuma girman kai ne ya fara sa shi. Ba zai iya jure ɗan maƙiyinsa ya ji tausayinsa ba. Amma da tafiya ta yi tafiya shirun ya zama shi ne makamin. Voldemort gwani ne wajen kutsawa cikin tunanin mutum ya zaƙulo ƙarya. Snape ya koma gabansa a 1995, a makare da awa biyu bisa umarnin Dumbledore, ya dube shi ido cikin ido ya yi masa ƙarya, ya kuma ci gaba da yi har shekara uku. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Shi ya horar da tasa fuskar har ta daina ba da labari, domin ranar da ta bayar ba shi kaɗai zai mutu ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tsarin labarin shi ne Voldemort ya san da maganar Lily. Ai a gabansa aka roƙa. Sirrin a buɗe yake a gabansa tun farko, fassara shi ne ya kasa. A karonsu na ƙarshe da Harry ya ce sha'awarta kawai Snape ya yi, da ta mutu ya yarda akwai wasu matan da suka fi ta asali. Bai san akwai son da ke ci gaba da aiki bayan wanda ake so ya shiga kabari ba, don haka bai taɓa neman sa ba.

Ki lissafa abin da shirun ya ci masa. A 1996 zoben da aka yi wa mugun sihiri ya kama hannun Dumbledore, Snape ya tsare cutar a hannun, ya ce saura masa kamar shekara guda a duniya. An ɗora wa yaro Draco aikin kashe tsohon, sai Dumbledore ya ce Snape ya yi da hannunsa don kada yaron ya ɗauki jini. Snape ya tambaye shi, shi nasa ran fa? Ya aikata, kuma da hannunsa ya kawar da mutum ɗaya tak a duniya da ya san gaskiyarsa. Daga ƙarshen Yunin 1997 zuwa 2 ga Mayun 1998, wata goma, babu mai rai ko ɗaya da ya san ko shi wane ne. Abokan aikinsa na shekara 16 suna kallonsa a matsayin maci amana yana zaune a kujerar wanda ya kashe. An rataye abokiyar aikinsa Charity Burbage a saman tebur tana kiran sunansa tana roƙo, dole ya zauna fuska a sake har aka kashe ta. Shi ya sa duk zagin da Harry ya yi masa a daren hasumiya bai girgiza shi ba sai da ya ce masa matsoraci.

A cikin shekarun nan ne nake ganin son ya faɗaɗa, ya wuce Lily. Mutumin da bai damu a kashe jariri ba, shi ne da Dumbledore ya tambaye shi mutum nawa ya ga mutuwarsu, ya ce a 'yan shekarun nan sai waɗanda ya kasa ceta. A daren da aka ɗauke Harry daga gidan innarsa ya yi kasadar tona kansa don ya ceci Lupin, ɗaya daga cikin gungun da suka addabe shi a makaranta, sihirin ya kauce ya sare kunnen George, abokin Harry. Da Neville da Ginny da Luna suka yi yunƙurin sace takobi daga ofishinsa, horon da ya yanke musu shi ne su bi abokinsu Hagrid daji, a shekarar da ake azabtar da ɗalibai a makarantar. Da hoto mai magana na wani tsohon shugaban makaranta ya kira Hermione da kalmar nan ta bakin tafki, ya katse shi ya ce kada ya sake. Babu wanda yake kallo a lokacin, babu wanda zai burge. Amsar da ya yi jim kafin ya ba Lily a inuwar bishiya, sai bayan shekara kusan talatin ta zama gaskiya a bakinsa.

Ba zan ce miki ya warke duka ba. Bayan mutuwar Dumbledore ya shiga ɗakin Sirius ya tarar da tsohuwar wasiƙar Lily da hoto. Ya durƙusa yana karantawa hawaye na ɗiga daga hancinsa, ya ɗauke shafin da ke da sa hannunta, ya yaga hoton biyu, ya sa ɓangarenta a aljihu, ya yar da ɓangaren James da jaririn a ƙasa. Shekara 16 yana tsaron ran yaron nan amma bai iya ajiye hotonsa ba. Kuma mutumin da duniya ta yi wa mummunar fahimta shi ma ita ya yi wa Harry daga farko har ƙarshe. Ya ga fuskar James ya yanke hukunci. Dumbledore ya gaya masa abin da yake son gani shi yake gani, sauran malamai suna cewa yaron mai tawali'u ne, bai ji ba. Ko ranar da ya fusata don ya gane ana kiwon Harry ne kamar dabbar yanka, da aka tambaye shi ko ya fara son yaron ne, sai ya musa, ya ɗaga sanda ya fitar da hasken nan mai siffar dabba, wanda ba ya fitowa sai mutum ya riƙe tunani mafi daɗi a ransa. Barewa mace ta fito, irin ta Lily. Ta James kuwa namijin barewa ne. Abu mafi tsarki da ke cikinsa yana ɗauke da shaidar cewa ita ta wani ce, kuma da shi ya ja Harry cikin dajin Dean a tsakiyar hunturu zuwa kududdufin ƙanƙara inda ya ajiye masa takobi.

To naci ne ko so? Ni ma'aunin da nake amfani da shi shi ne abin da mutum ya yi bayan an ce masa a'a. Son maso wani ƙoshin wahala, kowa ya sani, amma wasu wahalar suke juyewa a kan wanda suke so. Littafin ya ba mu misalin haka a gida ɗaya: Merope, uwar Voldemort, ta so wanda ba ya sonta, kuma Dumbledore ya fi zaton maganin mallaka ta ba shi ya aure ta. Snape gwani ne wajen haɗa magunguna, irin wannan maganin har a shago ake sayar da shi a duniyarsu. Daga ranar da Lily ta juya masa baya a 1976 ba a nuna ya sake tare mata hanya ba, ko ya aika mata saƙo, ko ya nemi shiga tsakaninta da mijinta. Ya ɗauki a'arta a matsayin a'a. Laifinsa a kanta babba ne, shi ya kai rahoton da ya kashe ta, amma na tilasta mata kansa ba ya cikin laifuffukansa.

Ya mutu yana da shekara 38, a tsohon gidan nan da ke ƙarshen ramin da Sirius ya taɓa tura shi ciki yana ɗalibi don ya haɗu da kerkeci. Voldemort ya sa macijiyarsa ta sare shi a wuya don ya mallaki sandar sihirin Dumbledore, bai ma taɓa gano cin amanar ba. Saƙo ɗaya ya rage masa ya isar, cewa wani yanki na ran Voldemort yana jikin Harry, dole yaron ya miƙa kansa. Da ya ga dama da iyakar wannan ya bayar tare da abin da zai sa a gaskata shi. Amma tunanin da ya zubo daga gare shi, wanda Harry ya tara a kwalbar da Hermione ta miƙa masa, ya haɗa da filin lilo, da zagin bakin tafki, da daren da aka ce ya ba da ƙyama, da hoton da ya yaga. Bai tace ba, bai gyara kansa ba. Sharaɗin da ya kafa a 1981 shi ya karya shi da kansa, kuma ga mutumin da ya ce shi ne na ƙarshe da zai sani. Wannan ne karo ɗaya da ya faɗi son, kuma tare da duk abin kunyarsa ya faɗe shi. A nan ne ni ma nake kasa riƙe hawaye, fiye da wurin da ya ce Harry ya dube shi.

Rowling ta rubuta a Twitter a 2015 cewa ba za a iya mayar da shi waliyyi ba saboda ramuwar gayya da cin zalinsa, ba kuma za a iya mayar da shi shaiɗan ba tunda ya mutu wajen ceton duniyarsu. Harry ya sa wa ɗansa na biyu suna Albus Severus, ya kuma gaya wa yaron cewa mai sunan nan wataƙila shi ne mafi jarumtar mutumin da ya sani. Jarumta ya ambata, bai ce kirki ba. Idan kun sake zama da ƙawarki, ki ba ta Neville da Hermione da daren tudu ba tare da gardama ba, sannan ki nemi ta karanta babi na farko da na 19 da na 33 na littafi na bakwai a jere, ta gaya miki wane irin naci ne ke sa mutum ya yi kasadar ransa don Lupin. Harry ya yafe abin da aka yi masa, hakkinsa ne. Neville ya girma ya zama malami a makarantar nan, kuma littafin bai nuna mana inda ya ce ya yafe nasa ba.